Cikar Kasuwar Giyar Ƙananan Masana'antu a Amurka da Waɗanda Za Su Ɗauki Asararta

A shekarar 2024, ƙananan masana'antun giya da suka rufe a Amurka sun fi waɗanda aka buɗe yawa, abin da ba a gani ba tun 2005. Ƙungiyar Brewers Association, wadda ke da mazauni a garin Boulder na jihar Kolorado, kuma ita ce ke tattara alƙaluman wannan sana'a, ta ƙirga sababbi 434 da rufaffu 501, sannan ta ce yawan giyar da mambobin wannan rukuni suka dafa ya ragu da kimanin kashi 4 cikin 100. Tun daga lokacin muhawarar da aka daɗe ana yi ta ƙara zafi, wasu na cewa kasuwar ta cika ta batse kuma rushewa ce kawai ta rage mata, wasu na cewa tangal-tangal ce irin wadda kowace sana'a kan yi kafin ta sake miƙewa. Ra'ayina shi ne kasuwar ta cika da gaske, kuma ba za ta koma irin bunƙasar da ta yi a baya ba, amma wanda ke jiran ranar da za ta kife gaba ɗaya zai daɗe yana jira. Abin da ke tafe shi ne tsukewa a hankali na tsawon shekaru, wadda za ta fi cin masu matsakaicin ƙarfi da suka ci bashi don su faɗaɗa, da ma'aikatansu, da ƙananan masu zuba jari da aka ruɗa da alkawarin riba.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu ba su shan giya, addininsu ya haramta musu ita, kuma ba zan ɓoye cewa raguwar shanta a kowace ƙasa abu ne da nake maraba da shi ba. Sai dai wannan bai hana a yi nazarin kasuwarta ba, domin da wuya a sami sana'ar da aka rubuta tashinta da tsayawarta dalla-dalla, shekara bayan shekara, kamar wannan. Kuma mutanen da ke rasa aiki idan masana'anta ta rufe, direbobi ne da masu wanke tankuna da masu lissafin kuɗi da manoma, masu iyalan da za su ciyar.

Abin da ake nufi da wannan rukuni na giya yana da iyaka sananniya. A ma'aunin ƙungiyar da na ambata, masana'anta tana shiga rukunin idan abin da take dafawa a shekara bai wuce ganga miliyan 6 ba, kuma idan wani babban kamfanin barasa bai mallaki kashi 25 cikin 100 na hannun jarinta ba. Gangar da ake magana a kai tana ɗaukar lita 117 ko kusa da haka. Asalin sana'ar martani ne ga wani yanayi da Amurka ta tsinci kanta a ciki. A 1873 ƙasar tana da masana'antun giya 4,131, kusan kowane gari da nasa. Dokar haramta barasa da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933 ta kashe da yawa daga cikinsu, waɗanda suka farfaɗo kuma manya suka riƙa haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama a ƙarshen shekarun 1970 ba su kai 100 ba a faɗin ƙasar, kuma kusan dukkansu giya iri ɗaya suke yi, marar kauri, marar wani ɗanɗano da zai bambanta ta da ta maƙwabci. A 1965 Fritz Maytag ya sayi tsohon kamfanin Anchor na San Faransisko da ke gab da mutuwa ya raya shi. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giyar da zai sha a gidansa, kuma daga cikin masu wannan gwaji a ɗakunan girki da garejin mota ne aka sami irin su Ken Grossman, wanda ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya a 1980. Jim Koch ya biyo baya da Samuel Adams a Boston a 1984.

Bunƙasar da ta jawo maganar cikar kasuwa ta zo ne bayan 2010. A 2012 masana'antun ba su wuce 2,500 ba, a 2015 suka zarce adadin 1873, a 2019 suka haura 8,000, kafin 2023 kuma suka wuce 9,500. A 2013 da 2014 yawan abin da suke sayarwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 18 cikin 100 kowace shekara, har shugabannin ƙungiyarsu suka sa wa kansu burin mallakar kashi 20 cikin 100 na kasuwar giyar Amurka kafin 2020. Wannan buri bai cika ba. Rabon nasu ya tsaya a wajen kashi 13 cikin 100, kuma a nan yake har yau, yayin da yawan gangunan da suke dafawa ya kai ƙololuwarsa ta sama da miliyan 26 a 2019 ya sauko zuwa kimanin miliyan 23 a 2024. Abin lura a nan shi ne tsakanin waɗannan shekaru biyu an ƙara masana'antu fiye da dubu, suna rabon cinikin da ya ragu. Duk wanda ya ce kasuwar ba ta cika ba, sai ya fara bayyana wannan.

Duk da haka, ƙirga masana'antu kaɗai hujja ce mai rauni, kuma a nan nake rabuwa da masu hasashen rushewa. A 1873 mutanen Amurka sun ɗan haura miliyan 40, wato masana'anta ɗaya ga kowane mutum dubu goma. Yau mutanen ƙasar sun haura miliyan 330, wato masana'anta ɗaya ga kimanin mutum dubu talatin da biyar. Gidajen da ke matsa ruwan inabi su yi barasa a Amurka sun fi dubu goma, kuma yawansu bai taɓa zama dalilin da zai sa a ce sana'ar za ta mutu ba. Jamus, da mutanenta miliyan 83, tana riƙe da masana'antun giya kimanin 1,500, kimanin 600 daga ciki a jihar Bavariya kaɗai, wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru suna shayar da ƙauye ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne girman kowace masana'anta da inda take sayar da hajarta. Mafi yawan masana'antun Amurka ba su dafa ganga 1,000 a shekara. Idan ɗari daga cikin irin waɗannan suka rufe a wata guda, abin da ya fita daga kasuwa bai kai abin da Sierra Nevada kaɗai ke dafawa a 'yan watanni ba.

A gaskiya sana'o'i biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Ta farko ita ce ta mai ƙaramar masana'anta da ya ware wani sashe na gininsa ya jera kujeru da tebura, yana zuba wa maƙwabtansa daga tankin da ke bayan kanta. Ganga ɗaya tana ba da kofi kusan 248 na abin da bai kai rabin lita ba. Idan aka ɗauka yana sayar da kofi dala 7, ganga ta kawo masa sama da dala 1,700, kuma kuɗin ya shigo hannunsa a ranar, ba tare da gwangwani ko kwali ko mota ba. Yana da hayar gini da albashin masu hidima da zai biya, amma ribar da ke tsakani tana iya riƙe shi ko da cinikinsa bai taɓa fita daga unguwarsu ba. Ta biyu ita ce ta wanda ke son a ga gwangwaninsa a manyan shaguna na jihohi goma ko ashirin. Shi wannan dole ne ya bi tsarin matakai uku da jihohin Amurka suka kafa bayan 1933, inda mai dafawa ke sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai shago ko mashaya, shi kuma ya sayar wa mai sha. Kowa a kan hanya zai cire rabonsa, kuma da wuya mai masana'anta ya ga kashi ɗaya cikin uku na abin da ganga ɗaya za ta kawo masa a kan kantarsa. Bugu da ƙari, manyan dillalai a yawancin garuruwa biyu ne ko uku, kuma abincinsu yana hannun manyan kamfanonin giya biyu na ƙasar, Anheuser-Busch ko Molson Coors, don haka ƙaramin mai kaya yana zuwa ne a ƙarshen jerin abin da za su tallata. A jihohi da dama doka ta sa rabuwa da dillali ya yi wuya ƙwarai, ko da ya yi watsi da kayanka a ɗakin ajiya.

Sai kuma matsalar kanta da lokaci. Firjin shago yana da iyakar tsawo, ba ya ƙaruwa don an buɗe sabuwar masana'anta, kuma mai shago ba zai bar gwangwanin da ba ya motsi ya tare masa wuri ba. Nau'in da ya fi kowane kasuwa a wannan rukuni shi ne wanda ake cika wa furen wani tsiro mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hop, kuma wannan ƙamshi yana dusashewa cikin kimanin wata uku. Masu sha sun san haka, shi ya sa za ka ga mutum ya ɗauki gwangwani ya juya gindinsa ya duba ranar da aka cika shi, in ya ga ya kwana biyu ya mayar ya ɗauki na kusa da shi. Al'amarin ya yi kama da na burodi: mai gasawa a unguwa yana sayar da nasa da ɗuminsa kafin azahar, amma wanda ya loda nasa a mota zuwa wata jiha yana tsere ne da lokaci, kuma duk abin da ya yi kwantai a kansa zai dawo. A wannan ɓangare na biyu ne cikar kasuwa ta zama gaskiya mai zafi, kuma ta daɗe da zama haka kafin 2024.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ga bunƙasar 2013 da 2014 suka ɗauka za ta dawwama, suka je banki. Kamfanin Green Flash na San Diyego ya gina masana'anta ta biyu a Virginia Beach, can ɗaya gefen ƙasar, ya buɗe ta a 2016, yana sayarwa a kusan dukkan jihohi. A 2018 ya janye daga mafi yawansu, ya rufe sabuwar masana'antar, banki kuma ya karɓe kamfanin. Stone Brewing, wanda masu shi suka yi suna wajen caccakar manyan kamfanoni, ya buɗe katafaren wuri a Balin ta Jamus a 2016, ya sayar da shi a 2019, sannan a 2022 shi kansa ya faɗa hannun Sapporo na Japan. Anchor, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin uban wannan sana'a, Sapporo ɗin ne ya saye shi a 2017 kan dala miliyan 85, ya kuma rufe shi a Yulin 2023 bayan shekara 127 yana aiki, kafin Hamdi Ulukaya, mai kamfanin nonon Chobani, ya sayi abin da ya rage a 2024. Irin waɗannan kamfanoni suna tsaka mai wuya ne, sun fi ƙarfin rayuwa da cinikin kantarsu kaɗai, ba su kuma kai girman da za su sayi sha'ir da gwangwani a farashin da manya ke saye ba. Tankin ƙarfe da aka saya da bashi yana cin kuɗin ruwa ko yana cike ko babu komai a cikinsa.

Idan rushewa tana nufin faɗuwar darajar kamfanoni a idon masu jari, to wannan ta riga ta faru, kuma ta faru a bainar jama'a. A 2015 babban kamfanin barasa Constellation Brands ya sayi Ballast Point na San Diyego kan dala biliyan 1, farashin da ya sa kowane mai tanki a Amurka ya fara lissafin abin da nasa zai kai. Shekara huɗu kawai bayan haka, a ƙarshen 2019, ya sayar da shi ga wani ƙaramin kamfani na jihar Illinois mai suna Kings & Convicts kan abin da bai kusanci abin da ya biya ba. Anheuser-Busch, wanda ya fara wannan sayayya da Goose Island na Shikago a 2011 kan kusan dala miliyan 39, ya tattara sunaye takwas a 2023 ya sayar wa Tilray, kamfanin da asalinsa na tabar wiwi ne, kan dala miliyan 85 gaba ɗaya. Molson Coors ya bi sahu a 2024 da wasu huɗu. Heineken, da ya kammala sayen Lagunitas a 2017, ya rufe masana'antarsa ta Shikago a 2024. Manyan kamfanonin nan sun yi wa rogo kallon kitse, sun biya, sun fita. Ficewar tasu ta kuma toshe hanyar da mutane da yawa suka shiga sana'ar dominta, wato a gina suna cikin shekara biyar ko bakwai a sayar wa babba. Wanda ya kafa kamfani da wannan niyya yau ba shi da mai saye.

Amma babban dalilin da ya sa ba na tsammanin dawowar bunƙasa yana wajen masu sha ne. Cibiyar Gallup tana tambayar Amurkawa ko suna shan barasa tun 1939. A 2023 kashi 62 cikin 100 suka ce suna sha, a 2024 kashi 58, a 2025 kashi 54, adadi mafi ƙanƙanta da ta taɓa samu, kuma matasa suna cikin waɗanda suka fi ja da baya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, a Janairun 2025 kuma babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya nemi a riƙa rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe. Waɗanda ke sha ɗin ma sun sami wasu hanyoyi. Ruwan gas mai barasa irin su White Claw ya mamaye firjin shaguna a 2019, a 2022 kuma kuɗin da barasa masu ƙarfi irin su wuski da bodka suka kawo wa masu yin su ya zarce na giya a karon farko. Tabar wiwi, da jihohin Kolorado da Washington suka fara halattawa a 2012, yanzu halal ce a dokar kusan rabin jihohin ƙasar, kuma tana cin wani ɓangare na kuɗin da saurayi zai kashe a daren Asabar. Rukunin mutanen da suka ɗauki wannan giya a kafaɗarsu a shekarun 2010, waɗanda ke bin layi na awanni don sayen sabon gwangwani, yanzu sun shiga shekara arba'in, da 'ya'ya da bashin gida da likita mai yi musu maganar hawan jini. Masana'anta tana iya gyara ɗanɗanon hajarta ko ta rage farashi, amma ba ta da yadda za ta yi da mutumin da ya yanke shawarar daina sha.

A daidai lokacin da ciniki ke raguwa ne kuɗin aiki ya tashi. Fari ya lalata noman sha'ir a Amurka da Kanada a 2021, yaƙin Yukiren ya ƙara tsadar hatsi a 2022, iskar gas ɗin da ake sa wa giya ta yi ƙaranci a wasu yankuna a wannan shekarar, babban bankin ƙasar kuma ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a 2023. Wani misali ƙarami ya nuna yadda ƙanƙanta ke zama laifi a kasuwa. A ƙarshen 2021 kamfanin Ball, babban mai ƙera gwangwani, ya sanar da ƙananan abokan cinikinsa cewa duk wanda ke son gwangwani mai zanensa a jiki sai ya yi odar tirela biyar a kan kowane zane, wato gwangwani sama da miliyan ɗaya. Mai masana'antar da ke fitar da nau'i goma a shekara ba shi da kuɗin wannan, ba shi kuma da inda zai ajiye su, don haka sai ya koma wajen 'yan tsakiya ya sayi gwangwani marar zane ya manna masa takarda, a farashi mafi tsada. A 2025 kuma gwamnatin Donald Trump ta sa harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙarfen alminiyam da ake shigowa da shi, ta ninka shi zuwa 50 a watan Yuni.

Masu kyakkyawan zato suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sun ce an taɓa ganin haka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da 'yan kasuwa da ba su san sana'ar ba suka kwararo cikinta, giya marar kyau ta cika shaguna, ciniki ya tsaya cik na wasu shekaru, ɗaruruwan masana'antu suka rufe, har Pete's Wicked Ale da ke matsayi na biyu a wannan rukuni a wancan zamani ya koma hannun wasu a 1998 ya ɓace daga baya. Bayan wannan tankaɗe da rairaya, in ji su, sai bunƙasa mafi girma ta zo. Tarihin gaskiya ne, amma ba na ganin zai maimaita kansa. A wancan lokaci rabon ƙananan masana'antu bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na kasuwa ba, kuma akwai miliyoyin masu shan giya da ba su taɓa ɗanɗana tasu ba. Yau babu wani mai sha a Amurka da bai san da ita ba, ana sayar da ita a filayen jirgin sama da gidajen mai, wanda zai so ta ya riga ya so ta, wanda bai so ta ba kuma ya gwada ya bari.

Masu hasashen rushewa su ma suna da tasu hujjar, cewa yarjejeniyoyin haya na shekara goma da aka ƙulla a tsakiyar bunƙasa suna ƙarewa yanzu, masu gine-gine suna neman ƙari, basussukan da aka ci lokacin annobar korona suna jiran biya, kuma masu masana'antu da yawa sun gaji. Duk wannan haka yake, kuma shi ya sa nake sa ran adadin zai ci gaba da raguwa na shekaru. Sai dai rufewar 501 cikin sama da 9,500 kimanin kashi 5 ne cikin 100, abin da a sana'ar gidajen abinci ba wanda zai kira shi bala'i. Rushewa irin ta bankuna ko ta gidaje a 2008 tana faruwa ne idan faɗuwar ɗaya tana jan na kusa da shi. A nan kuwa akasin haka ne, domin idan masana'anta ta rufe a unguwa, masu shanta suna komawa ta gaba, tankunanta kuma a yi gwanjonsu da araha ga wanda ya rage ko wanda zai fara. Har ila yau, kuɗin da aka kashe a kan wannan giya a 2024 ya ɗan ƙaru, ya kusa dala biliyan 29, kusan rubu'in duk abin da Amurkawa suka kashe a kan giya.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan labari shi ne ƙananan masu jari, kuma misalin da ya fi fitowa fili yana Birtaniya. Kamfanin giya na BrewDog, wanda James Watt da Martin Dickie suka kafa a arewa maso gabashin Sikotlan a 2007, ya tara gomman miliyoyin fam daga hannun masu shan giyarsa, mutum kimanin 200,000, ta hanyar sayar musu da hannun jari kai tsaye, yana gaya musu cewa su ne masu kamfanin kuma tare za su yaƙi manya. A 2017 wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna TSG ya sayi kashi 22 cikin 100 kan fam miliyan 213, da sharaɗin da ya sa shi gaba da kowa wajen karɓar kuɗi idan aka sayar da kamfanin. Hannayen jarin talakawa kuwa ba a cinikinsu a kasuwar hannun jari, mai su ba ya iya sayarwa ranar da ya ga dama. Kamfanin ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, Watt ya sauka daga shugabanci a 2024, a 2025 kuma aka sanar da rufe mashaya goma, har da ta farko da suka buɗe a Aberdeen. Mutumin da ya sa albashinsa na wata a irin wannan jari saboda ƙauna, ba tare da an fahimtar da shi cewa shi ne na ƙarshe a layin biya ba, an zalunce shi a ganina, ko da kuwa an rubuta sharuɗɗan a wata takarda mai shafi da yawa. Hukumomin da ke sa ido kan harkar jari ya kamata su tilasta a faɗi irin wannan sharaɗi a sarari, a shafin farko, da kalmomin da kowa zai gane.

Ba na goyon bayan gwamnati ta ɗauki kuɗin jama'a ta ceci wannan sana'a. An riga an yi mata sassauci, domin dokar 2017 ta rage harajin tarayya zuwa dala 3.50 a kan kowace ganga cikin 60,000 na farko ga ƙananan masana'antu, aka kuma mayar da wannan na dindindin a ƙarshen 2020. Babu hikima a ce ma'aikatar lafiya tana roƙon mutane su rage sha, wata ma'aikatar kuma tana tallafa wa masu dafawa su ƙara. Abin da ke kan gwamnati shi ne adalcin fili. Rahoton da ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta fitar a Fabrairun 2022 kan gasa a kasuwar barasa ya nuna yadda kamfanoni biyu suka mamaye mafi yawan cinikin giya da yadda dokokin dillanci ke ɗaure ƙananan masu kaya. Idan ƙaramar masana'anta za ta mutu, ta mutu don mutane ba su son hajarta, kada ta mutu don dillalin da doka ta hana ta rabuwa da shi ya ƙi fitar da kayanta daga sito.

Wanda ke kallon wannan daga Najeriya zai ga sunayen da ya sani, domin Heineken ne ke da rinjaye a Nigerian Breweries, AB InBev, uwar kamfanin Anheuser-Busch, kuma a International Breweries. Amma halin da ake ciki a nan daban ne, kuma bai kamata a ɗauko hukuncin Amurka a ɗora masa ba. Ƙananan masana'antu irin Bature, wadda ta fara a Abuja a 2017 ta koma Legas, ana iya ƙirga su da yatsu. Abin da ya jijjiga manyan kamfanonin nan shi ne faɗuwar naira da tsadar rayuwa, waɗanda suka jawo wa Nigerian Breweries asarar sama da naira biliyan 100 a 2023, suka kuma sa ya dakatar da aiki a masana'antu biyu a 2024. Inda abin ya shafi Arewa kai tsaye shi ne gona, domin tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin nan suka koma sayen dawa, da ita ake yin giyar da kuma lemon malt marar barasa da ake rabawa a bukukuwanmu.

Ko a Amurka ma, wurin da tsukewar ta isa ba tare da an yi ta yayatawa ba shi ne gonaki. Kwarin Yakima a jihar Washington ne ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na furen hop na ƙasar, kuma ƙananan masana'antu, duk da ƙanƙantar rabonsu a kasuwa, su ne manyan masu sayensa, saboda abin da suke zubawa a ganga ɗaya ya ninka na manyan kamfanoni sau da yawa. Shukar tana hawa igiya ne a kan dogayen sanduna da waya, kafa gonarta da injin tsinka da na busarwa yana cin kuɗi mai yawa, kuma manoma sun faɗaɗa ne bisa yarjejeniyoyin shekaru da masana'antu suka sa wa hannu lokacin da kowa ke ganin gaba za ta fi baya. Filin da ake nomawa a faɗin ƙasar ya kai kimanin eka 60,000 a 2021, kafin 2024 ya ragu da kusan rubu'i, yayin da ɗakunan sanyi ke cike da amfanin shekarun baya da ba a ɗauka ba. Mai masana'anta yana iya sauya abin da ke cikin tankinsa cikin mako uku, kamar yadda Athletic Brewing, da aka kafa a jihar Connecticut a 2017 don giya marar barasa kaɗai, ya shiga sahun manya goma na wannan rukuni, wasu kuma suka fara kwaikwayonsa. Manomin da ya tuge shukarsa ba shi da wannan sauƙi, domin bashin sandunan da injinan yana nan a kansa, kuma ko da farashi ya gyaru sai ya jira shekara biyu zuwa uku kafin sabuwar shuka ta ba da cikakken amfani.